Yadda ake haɗa wasan juya haruffa da Hausa, daga yankan kwali har rabon maki

Tun ranar da na jefa AAAAKMNRT a guruf ɗinmu na tsofaffin ɗalibai aka kusa kwana ana cacar baki a kai, mutane ke ta tambayata wai ta yaya nake haɗa waɗannan abubuwa, wasu malaman firamare ne suna so su yi wa yara ranar Juma'a kafin a tashi, wasu masu shirya kamu da walima ne, wasu kuma kawai so suke su samu abin da zai tada guruf ɗin da ya mutu. Amsar waccan ɗin dai makaranta ce, kuma da waɗannan haruffa tara ɗin ba ragi ba ƙari ana rubuta "kar a manta". Shi ne wasan gaba ɗaya, ka ɗauki haruffan kalma ka sake musu zama su haifi wata kalmar, Turawa na ce masa anagiram, ni dai wasan juya haruffa nake cewa.

Abu ɗaya zan faɗa tun yanzu domin duk abin da ke ƙasa a kansa ya rataya. Hargitsa haruffa ba shi ne aikin ba, wannan ko ɗan aji biyu zai yi. Aikin shi ne ka tabbatar amsa nawa tambayarka take da ita kafin ka fitar da ita, saboda Hausa yare ne da kalmominsa ke da kishiyoyi da yawa, ka ajiye gida a ranka wani ya kawo maka gadi, kuma bai yi kuskure ba.

1. Kayan aiki da abin da za ka kashe

Kwali, almakashi, rula, maka baƙa da ja, littafin rubutu guda ɗaya da ba za ka haɗa shi da komai ba, sai ƙamus. Kwalin ba sai ka saya ba, kwalin taliya ko na sabulu da mai shago zai jefar ya isa, in kuma kana son mai kyau ka sayi farin kwali a shagon kayan rubutu. Ka yanka shi murabba'i-murabba'i santimita 3 kowane gefe, girman takardar A4 ɗaya yana ba da guda 63, biyu kenan 126, sun ishe ka. Wasu murfin kwalbar lemo suke tarawa su rubuta a ciki, ya ma fi kwali daɗewa a hannun yara.

Yadda nake raba nawa: a guda 20, i guda 10, u guda 8, e da o biyar-biyar, k n r s m t d shida-shida, sauran duk bibbiyu. Huɗun da suka rage ka bar su fari don ranar da wata kalma irin soyayya za ta nemi y na uku. Wasula da jar maka, baƙaƙe da baƙa, za ka ga amfanin wannan a mataki na 5.

Hattara: kar ka ce ai akwai Scrabble, wasan nan na jera haruffa a haɗa kalmomi, a gida bari ka yi da ƙwayoyinsa. An raba su ne don Turanci, cikin ƙwaya 100 akwai E guda 12, A guda 9 kacal, K kuma ɗaya tak, ga P da V da Q da X da ba ruwan Hausa da su, babu ɓ babu ɗ babu ƙ. Ko "kaka" ba za ka iya rubutawa ba sai ka ci bashin farar ƙwaya.

Ƙamus kuwa in ka samu Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 shi ya fi dacewa da alƙalanci tunda Hausa zuwa Hausa ne, na Bargery na 1934 yana nan a intanet kyauta amma cike yake da tsofaffin kalmomi da ko kakarka sai ta yi tunani, yana da kyau wajen bincike, kar dai ka ɗauko tambaya daga ciki ka ba yara. In a waya za ka yi wasan ka shiga saitin Gboard, wato kibod ɗin waya, ka ƙara Hausa don haruffa masu lanƙwasa su fito. Kuɗin da za ka kashe na gaske shi ne fotokwafi in aji ne, shi ma ka buga tambayoyin sau biyu a takarda ɗaya ka raba tsakiya, yara 40 takarda 20, sai ɗan abin kyauta.

2. Ka kafa doka kafin ka zaɓi kalma ko ɗaya

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ke kawo rigima daga baya. Abubuwa huɗu za ka yanke hukunci a kansu ka rubuta a shafin farko na littafinka.

Na farko haruffa masu lanƙwasa. K daban ƙ daban, babu sulhu. Kare yana ba da rake, ƙare kuma yana ba da ƙera, gida biyu ne da ba sa auratayya. Kasa, saka, aska dangi ɗaya ne, ƙasa da saƙa dangi daban. In ka bari aka rubuta ba lanƙwasa kamar yadda muke yi a chatin to wani zai ce maka Kano tana ba da "kona", alhali ƙona ce, wani ya haɗa kanwa da ƙanwa. A hira ba komai, a nan kuwa lanƙwasar ita ce rabin wasan.

Na biyu sh da ts. Ni ƙwaya ɗaya nake ba kowannensu domin sauti ɗaya ne, haka ma aka koya mana a abacada. In ka bar ts a haɗe Katsina tana ba da tsakani, shikenan. In ka yarda a raba t da s sai ga satinka ya shigo. Duk wanda ka zaɓa daidai ne muddin ka sanar tun farko. Su kw, gw, ky, gy kuwa raba su nake yi, shi ya sa kwana, wanka da kanwa suke zama dangi ɗaya.

Na uku ɗafe-ɗafe, wato -n da -r da su -na, -ka, -ta da ake liƙa wa kalma. Sarki yana ba da riska, wannan kalma ce tsayayya, amma yana ba da iskar ma, Kaduna tana ba da dukana. Shawarata ga yara ka hana su gaba ɗaya, ga manya ka ba su rabin maki.

Na huɗu rubutu ɗaya. Daidaitacciyar Hausa, c ba ch ba, malam ba mallam ba. Zariya tana ba da ziyara, amma in ka rubuta ta Zaria irin na allon kan titi y ya ɓace wasan ya lalace. Kalmomi masu alhamza kamar sa'a da jama'a ka kauce musu a farko, haka 'y, wanda a Nijar ƴ suke rubutawa, in guruf ɗinku akwai 'yan Maraɗi ko Damagaram sai an yi magana a kai.

3. Fara daga amsa

Ba a fara wasan nan daga tambaya. Ka zauna ka rubuta amsoshi tukuna, kamar ashirin in goma kake buƙata, domin rabi za su faɗi a hanya. Ka ɗaure su da jigo ɗaya, kayan miya, dabbobi, garuruwa, kayan makaranta, sassan jiki, jigon yana rage maka aiki sosai nan gaba.

Tsawon kalma shi ke fara nuna wahala. Haruffa huɗu mabambanta suna iya zama iri 24, biyar iri 120, shida iri 720, ka ga yadda abin ke tsalle. Makaranta da take da tara, duk da a ɗinta huɗu ne, tana da zama iri 15,120. Don haka 'yan firamare huɗu zuwa biyar, 'yan sakandare biyar zuwa bakwai, manya ka haɗa musu duka ka sa doguwa ɗaya a ƙarshe.

Hattara: kalmomi masu maimaita gaɓa kamar keke, nono, kaka, tsuntsu ba sa hargitsuwa, duk yadda ka juya su ana gane su daga nesa. Ka bar su.

4. Fitar da makullin kowace kalma

Makulli shi ne haruffan kalma a jere bisa tsarin abacada. Gida makullinta ADGI, Musa AMSU, riga AGIR. Ka raba shafi biyu, makulli a hagu, duk kalmar da ta fito daga cikinsa a dama. Amfaninsa shi ne duk kalmomin da suke dangi ɗaya makullinsu ɗaya ne, ranar da ka ci karo da dagi ka fitar da makullinsa ka ga ADGI to ka san gidan da zai shiga, ba sai ka sake lissafi ba. Bayan wata biyu littafin nan ya zama jari. In kana da kwamfuta ka zuba su a Excel ka jera layin makullin, 'yan uwa za su taru da kansu.

Dabarar ba tawa ba ce. Robert Hooke masanin kimiyya na Ingila ya buga ceiiinosssttuv a 1676, haka kawai ba bayani, sai a 1678 ya bayyana cewa jimlar Latin ce a kan yadda sifirin ke miƙewa daidai da ƙarfin da aka ja shi, ya ɓoye ta ne don kar wani ya riga shi da'awa kafin ya gama aikinsa. Ƙwararrun 'yan Scrabble ma da irin wannan jeri suke haddar kalmomi, kuma wasa ne da 'yan Najeriya suka yi suna a ciki, Wellington Jighere ya ci kofin duniya a Perth ta Ostareliya a 2015, shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci.

Hattara: ka ƙirga haruffa sau biyu, na kalma da na makulli. Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne harafin a ɗaya ya ɓace ko ya ƙaru, musamman a irin su makaranta da tafarnuwa, ka bar mutane suna ta fasa kai a kan abin da ba shi da amsa.

5. Farautar kishiya

Nan ne za ka daɗe, kuma nan ne kwalayenka za su yi aiki. Kar ka yi da ka, ka baza ƙwayoyin a tabarma ko tebur ka riƙa motsa su da hannu, ido yana ganin abin da tunani ba ya gani. Shafukan intanet masu warware anagiram ba za su taimake ka ba, ƙamus ɗin Turanci ne a cikinsu.

Sa'ar da muka yi ita ce ginin kalmar Hausa yana da tsari, yawanci baƙi ne sai wasali, baƙi sai wasali, kuma mafi yawan kalmomi da wasali suke ƙarewa. Don haka ba sai ka gwada duk zama 24 ko 120 ɗin ba, juyi huɗu za ka yi a jere.

Juyi na farko, bar jajaye a inda suke ka musanya baƙaƙe. Kare ya zama rake, goro ya zama rogo, tsawa ta zama watsa, talaka ya zama takala, yatsa ya zama tsaya.

Na biyu, bar baƙaƙe ka musanya jajaye. Gida ya zama gadi, tsari ya zama tsira, jaki ya zama jika, tafi ya zama tifa.

Na uku, ka ɗauki gaɓa sukutum ka kai ta gaba ko baya. Shiga ta zama gashi, ɗaki ya zama kiɗa, tafi ya zama fita, baƙi ya zama ƙiba, Sani ya zama nisa. Duk wanda ya yi zaurance ko juya magana yana yaro wannan ba zai ba shi wahala ba.

Na huɗu shi ake mantawa, ka ja wasali ɗaya ka kai shi farkon kalma ka bar baƙaƙe biyu su haɗu a tsakiya. Sama da masa kowa zai gani, amma amsa fa? Kasa da saka kowa zai gani, aska fa? Gona tana ba da ango ta wannan hanyar.

In ka bi huɗun nan za ka sha mamaki. ADGI kaɗai yana da gida, gadi, diga, dagi. AGIR yana da riga, gari, gira, ragi. AMSU yana da Musa, samu, suma, masu. Tsari, tsira, ritsa, ratsi. Jaki, jika, kaji. Ɓera, ɓare, raɓe. Karatu yana ba da kurata yana kuma ba da takura, wanda ɗalibai suka ce ai dama sun daɗe da sani. Hasara da sahara. Samira da samari.

Duk da haka wata za ta kuɓuce maka. Na taɓa rantsewa kunya ba ta da kishiya, sai wani ya turo yanku, wai "naman ya yanku", na duba na ga ba yadda zan yi da shi sai na ba shi makinsa. Fitila ma na ɗauka ita kaɗai ce sai wani malamin Hausa ya kawo talifi. Tun daga nan duk kalmar da nake bincike sai na gwada mata ƙarshen aikatau, -a, -e, -i, -o, -u, ɗaya bayan ɗaya.

Bayan ka gama sai ka raba kalmominka kashi biyu. Marasa kishiya su ne na tambayar "warware wannan". Masu kishiya da yawa kar ka zubar, su ne ma suka fi daɗi, sai dai tambayar ta canja ta koma "kawo kalmomi huɗu daga ADGI".

Hattara: ka duba ko cikin kishiyoyin akwai wadda za ta ɓata rai. Rana tana ba da arna, tsaba tana ba da batsa, a aji ko guruf mai cakuɗe da mutane iri-iri ba ka son waɗannan su fito daga bakin yaro. A wani kamu na 'yar uwata na ba 'yan mata AAAMRY ina jiran su ce amarya a yi guɗa, wata yarinya ta ɗaga murya ta ce maraya, kuma amaryar ba ta daɗe da rasa mahaifinta ba, wallahi har yau in na tuna sai na ji kunya. Minti biyu na bincike da ya hana wannan.

6. Hargitsawa

Hanya biyu ce. Ko ka ba su makullin kai tsaye, AAAAKMNRT, ko ka gina musu kalmar bogi mai kama da Hausa, kamar TAMANKARA. Mutane suna ɗauka makulli ya fi wuya saboda ya fi ban tsoro a ido, amma abin da na gani akasin haka ne, kalmar bogi da ake iya furtawa ita ke kama ƙwaƙwalwa ta ƙi saki, mutum ya yi ta maimaita ta a baki ya kasa fita daga cikinta. To in kana son sauƙi ba da makulli, in kana son ka wahalar da manya ba da ta bogi.

Ƙa'idoji uku a nan. Harafin farko na amsa kar ya zauna a farko. Kar ka bar gaɓa biyu na amsar a manne yadda suke, in ka hargitsa tauraro ka bar "raro" a ciki ka ba da kyauta. Sannan kar hargitsin kansa ya zama kalma ta gaske sai in da gangan ka yi, wato irin tambayar "juya RAKE ya zama dabba".

Ka rubuta da manyan haruffa, in sh ko ts na ciki ka sa tazara tsakanin ƙwayoyi, A I R TS, don a san guda ne. A waya kuma ka kashe gyaran rubutu na kibod kafin ka tura, in ba haka ba zai mayar maka da hargitsin wata kalmar Turanci ba ka lura ba.

7. Rubuta haske

Haske shi ne ɗan bayanin da ke gefen tambaya, aikinsa biyu, ya taimaki mai amsa kuma ya kori kishiya. ADGI, in amsarka diga ce, "ana haƙa da ita" ya kori gida da gadi amma bai kori dagi sosai ba tunda shi ma haƙa ake da shi, sai ka ce "ma'aikatan titi na saɓa ta a kafaɗa". Ka ga irin kulawar da ake so.

Ka tuna rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, suma ta kai da suma ta faɗuwa haka, don haka haskenka ya tsaya a kan ma'ana ɗaya. Mafi daɗin haske shi ne wanda aka ɗauko daga karin magana ko kacici-kacici a bar gurbi, misali AIKJ, "na gaba ya yi gaba, na baya sai labari" ba zai yi ba don bai nuna komai, amma "ya san gidan ubangijinsa ko ba a ja shi ba, ga dogayen kunnuwa" kowa zai yi dariya ya ce jaki. Kar dai hasken ya yi yawa har ba a buƙatar kallon haruffan, in an iya amsawa ido rufe to ka koma kacici-kacici ne ba juya haruffa ba.

8. Ɗaure su da amsar ƙarshe

Wannan ba dole ba ne amma shi ke sa mutum ya ƙi tashi sai ya gama. Salon ya yi suna ne a jaridun Amurka ta wani wasa mai suna Jumble da Martin Naydel ya fara a 1954, a warware kalmomi kaɗan, a ɗebi wasu haruffa daga kowace amsa, a haɗa su su ba da amsar ƙarshe.

Daga ƙarshen za ka fara. Ka ce amsarka ziyara ce, kana buƙatar z, i, y, a, r, a. Nemo kalmomin da ke ɗauke da su: zomo ya ba ka z, fitila ta ba ka i, kunya ta ba ka y da a, tauraro ya ba ka r da a. Sai ka tsara:

MOOZ, dabba ce, ɗauki harafi na 1
LIFATI, sai dare ake nemanta, ɗauki na 2
YANUK, ado ce ga ɗiya mace, ɗauki na 4 da na 5
RAUTORA, a sama yake, ɗauki na 4 da na 5
Amsar ƙarshe: sada zumunci ce, ba gari ba ce.

Ka lura "ba gari ba ce" ɗin can Zariya na kora da shi, hasken fitila da na kunya kuma sun kori talifi da yanku.

Hattara: lambar harafi a jikin amsa ake ƙirgawa, ba a jikin hargitsi ba, ka faɗa musu ƙarara.

9. Juya suna ko jimla

Wannan na masu haƙuri ne. Ka baza haruffan sunan, ka fara cire ƙananan kalmomin da Hausa ba ta rabuwa da su, a, da, na, ta, ya, ka, ma, ba, kar, sai ka ga me ya rage. Haka na samu ta makaranta, na cire kar, na cire a, sai ga m a n t a suna kallona. Kasuwa ta ba ni "uwa sak", Maraɗi ta ba ni "ɗari ma". Mai kyau ita ce wadda ma'anarta ta koma kan asalin kalmar, sauran na dariya ne kawai, kuma sau da yawa za ka yi awa guda ka tashi hannu rabbana. A Faransa Sarki Louis na 13 har ma'aikaci ya ɗauka, Thomas Billon, aikinsa kenan juya sunayen manya ana biyansa, mu kuwa ko kuɗin data ba mai mayar mana.

Sunan mutane ka yi taka-tsantsan. Rabi ta zama riba za ta ji daɗi, Musa ya zama samu ba laifi, amma Ladi ta zama dila ko Garba ya zama barga, in yara ne sunan zai bi su har su gama makaranta. In ba tsakanin abokan wasa ba ne, irin jika da kaka ko ɗan mace da ɗan namiji, ka tambayi mai suna tukuna.

10. Gwaji

Ka ba mutum biyu su warware kafin ranar, ɗaya wanda ya fi masu wasan ƙwarewa ɗaya wanda bai kai su ba, kar ka ce musu komai ka zauna da agogo. Wadda gwanin ya kasa cikin minti uku ka cire ko ka ƙara mata haske, wadda ɗayan ya amsa kafin ka rufe baki ka mayar da ita ta farko don buɗe fage. In da hali ɗaya daga cikinsu ya zama mai wani karin harshen, Basakkwace ko Bakatsine zai kawo maka kalmar da Bakano bai taɓa ji ba kuma tana cikin ƙamus.

11. Ranar wasa

A aji ka raba yara biyar-biyar, kowane rukuni da nasa ƙwayoyin a leda, ka rubuta hargitsin a allo su jera a benci, wanda ya gama ya ɗaga hannu ba ihu ba. Haruffa huɗu daƙiƙa 30, biyar zuwa shida minti ɗaya, doguwa minti uku. Maki ɗaya ga kowane harafi shi ya fi sauƙin lissafi, gida maki 4, karatu maki 6, amsar ƙarshe 10. A tambayar "kawo duk abin da ka samu" kowace kalma maki 2, wadda ba ta cikin littafinka amma ƙamus ya yarda da ita maki 3, kuma ka rubuta ta nan take a ƙarƙashin makullinta.

A WhatsApp ka sa lokaci tsayayye, misali bayan sallar isha'i, ka ce a turo amsa ta bayan fage ba a cikin guruf ba, in ba haka ba mutum na farko ya amsa sauran su kwafa. In kuma dole a guruf za a amsa to ka sani tun 2023 ana iya gyara saƙo cikin minti 15 da turawa, akwai masu tura shirme don su kama layi sannan su gyara in sun ga amsar wani, duk saƙon da ke da tambarin an gyara ka soke shi, ka kuma faɗi haka tun kafin a fara.

Alƙali ɗaya ne, ƙamus ɗaya ne, kuma alƙali ba ya shiga gasa. In gardama ta tashi kan wata kalma mai ita ya sa ta a jimla, in mutum uku da ba rukuninsa ba sun yarda ana faɗin haka a karɓa, in ba haka ba a buɗe ƙamus a wuce gaba. Kyauta kar ta yi tsoka, biro da littafi ga yara, katin waya ko data kaɗan ga manya, da zarar kuɗi ya yi yawa sai ka ga an fara kiran malamin Hausa a waya a ɓoye. In an tashi ka ƙirga ƙwayoyin kowace leda kafin ka ɗaure, harafin a ne ke yawan bin yara gida a aljihu, ka yanka guda goma na ajiya tun yau.